Ajiyar Malama

Ranar Talata

Zuwa ga 'yata Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki da 'yar jikata mai gudun gaisuwa a waya. Ya aikin asibiti, ya tsayuwar wuni? Allah ya ba da lada. Mu nan sai godiya.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon waya, saboda a ɗakin Babanku kaɗai waya take kamawa sosai, kuma kin san ciwon nan bakinsa da hannunsa na dama ya riƙe, bai taɓa kunnensa ba. Ba na son in riƙa maganarsa a kansa kamar ba ya wurin.

Jikin da sauƙi, wata na biyar ke nan. Mai gashin ƙashi yana zuwa Litinin da Alhamis. Kalmomin da suke fita dai su ne waɗanda kika bari: to, a'a, ruwa. Ya gwada biro da hagu sau biyu, da ya ga abin da ya fito sai ya wurgar da shi ƙarƙashin gado. Yana can har yanzu, ban ɗauko ba don kada ya ga kamar ina matsa masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwamfutarsa ta tsaya. Tun da muka dawo daga asibiti, kullum bayan shayin safe nakan yaye mata ƙyallen nan da na ɗinka, in kunna, in danna inda ya taɓa nuna mini, in matso da kujerarsa ya zauna yana kallon littafinsa. Kin san littafin, na rijiyoyi. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta shi: duk rijiyar da ya tsaya a kanta cikin shekara talatin da ya yi a hukumar ruwa, irin ƙasar da aka tarar, zurfin da aka kai kafin ruwa, wadda ta rufta da dalilin ruftawarta. Ranar Asabar aka ɗauke wuta tana kunne. Da aka dawo da ita na kunna, sai baƙin gilashi da layi ɗaya na farin rubutu. Na kashe na kunna har sau biyar, layin nan dai.

Tun ranar ya juya wa bango fuska. Cokali uku yake karɓa ya ture hannuna. Jiya mai gashi ya zo ya koma bai taɓa shi ba.

Kawunku ya zo da wani mai gyara da ake kira Injiniya, dattijo ne mai tabarau a rataye da zare, yana aiki yana fito. Kawunku ya ce a ɗauke ta a kai shago. Da suka kama ta, Babanku ya miƙa hagunsa ya riƙe ƙafar tebur, sai da na ce a ajiye, ba inda za ta. Injiniya ya duba ya ce ƙarfen lafiya lau, babbar manhajar da ke tashinta tana tafiyar da komai ce ta lalace. Wai za a ɗora sabuwa daga faifai, aikin awa ɗaya, amma sai an share cikin tukuna, abin da suke cewa fomatin. Ya ce kada in damu, zai kwafe littafin a filash kafin ya share. Zai dawo Asabar.

Na ji shawararki ta a sayi sabuwa, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ƙarfen yake wa fushi ba, Uwata. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yarinyar.

Ni ce,
Ummanki

Ranar Lahadi

Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kun wuni lafiya, kuma tarin yarinyar ya sauka. Ki daina barinta tana taka siminti ba takalmi.

Jiya Allah ya tsare mu daga wani abu.

Injiniya ya zo da hantsi, shi da Kawunku. Ya fara sa wani faifai da ya kira na ceto, wanda ke tayar da kwamfuta ba tare da ya taɓa abin da ke cikinta ba. Gilashin ya kawo haske, Babanku ya yunƙura da kansa, karon farko cikin mako guda. Ga babukan nan a jere a gaba, ɗaya zuwa ashirin da uku, yadda na saba ganinsu. Injiniya ya soka filash ya kwashe su. Kafin in ajiye tiren shayi ya ce an gama, ya ciro faifan sharewa yana goge shi da gefen riga.

Wannan saurin ne bai kwanta mini ba. Na tuna ranar da Babanku ya kwafar miki hotunan aurenki, sai da muka idar da la'asar abin bai gama ba. Ya za a yi aikin shekara goma sha ɗaya ya shige cikin ƙiftawar ido? Ban san komai a kwamfuta ba, kin sani, iyakata share mata ƙura. Amma na ce masa ya yi haƙuri, ina so in ji littafin daga cikin filash ɗin kafin a share.

Kawunku ya yi dariya ya ce Yaya ta fara. Na gaya musu yadda aka koya mana. A makarantarmu ko ka tabbata ka haddace, ba ka kai allonka wurin ruwa sai ka juya wa malam rubutun, ka kawo karatun da ka, ya saurara har ƙarshe, shi da bakinsa ya ce wanke. Na taɓa yin gaggawa ina 'yar shekara tara, na wanke nawa tun kafin a ji ni, na zo biyawa aya biyu suka ɓace mini, ga allo fari fat ba inda zan duba. Ban sake ba.

Kawunku ya ce nan ba makarantar allo ba ce, mutumin nan shekara ashirin yana wannan sana'a. Injiniya dai, don ya faranta mini, ya zaro ƙaramar kwamfutarsa daga jaka, ya soka filash ɗin, ya danna babi na ɗaya. Babin bai buɗe ba, sai wani ɗan akwati ya fito. Ya danna na biyu, akwatin nan ya sake fitowa. A na uku Injiniya ya daina fiton da yake yi da baki. Ya cire tabarau ya sake mayarwa.

Ashe abin da ya kwafa ba babukan ba ne. Wasu 'yan alamomi ne masu ƙaramar kibiya a gefe, aikinsu nuna hanyar inda ainihin rubutun yake, kamar a ba ka kwatancen gida a takarda ka ɗauka an ba ka gidan. Ainihin littafin yana can ciki, a daidai sashen da zai share. Mutumin kirki ne, bai yi kwana-kwana ba. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, da na danna, da shi ke nan."

Kawunku ya tashi wai zai duba ko ya kulle mota.

Injiniya ya bi kwatancen har ya kai ga foldar da littafin yake. Zai buɗe na ce a tambayi mai abu tukuna, ya karanta masa sunan ya ji. Sai ya karanta: Ajiyar Malama.

Kin san wa Babanku yake kira Malama. Tun makon farko na aurenmu da na gyara masa wata aya yana jan salla, ya laƙaba mini sunan don tsokana, bai sauke ba har yau. Shekara goma sha ɗaya ina share ƙura a kan ajiyar da aka rubuta da sunana, ban sani ba. Na waiga, sai na ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya ce to. Ni kuwa na tafi kicin duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Wannan karon kwafewar ta ɗauki lokaci har shayi ya huce. Injiniya ya buɗe babi uku ya nuna mini, ya ce yanzu fa? Na ce uku ba ashirin da uku ba ne. Bai yi musu ba. Ya bar mini ƙaramar kwamfutarsa ta aro, ya nuna mini yadda ake buɗewa da saukar da shafi, ya ce in kira shi ranar da aka sauke.

Babanku ya cinye abincin rana jiya, har ya nuna a ƙara.

Ina gaida kowa da kowa.

Ummanki

Ranar Laraba

'Yata abar ƙaunata,

Aminci ya tabbata a gare ki da mutanen gidanki. Na ji kin koma aikin safe, madalla, ko kya riƙa ganin yarinyar ido biyu. Ki yafe mini jinkirin amsa, kwana tara na yi ina karatu.

Kin san bokona tafiyar tsohuwa yake yi, ga lambobi, ga sunayen ƙasa iri-iri, jar laka, farin yashi, marmara, dutsen da ke cin bakin diga. Amma na karanta wa Babanku littafin nan tun daga bismilla har babi na ashirin da uku, da babbar murya, ban tsallake layi ba. In babi ya ƙare sai in dube shi, ya ce to, in sa alama a takarda. Na kuma yi masa wayo: ba a buɗe karatu sai an yi motsa hannun da mai gashi ya bari. Ya harare ni, amma ya yi. Mai gashin ya ce duk abin da nake ba shi in ƙara.

Akwai ke a ciki, ko kin sani? A babi na tara ya rubuta wata rijiya da suka yi wata biyu suna fama da dutse. Ya ce ranar da ruwa ya ɓullo, ranar ce aka aiko masa cewa an sauka lafiya, mace. Layi ɗaya ne tak, daga nan ya koma maganar siminti. Babanki ke nan.

Da na kai ƙarshen na ashirin da uku, ran Lahadi, na rufe na ce masa a wanke? Ya ce a'a. Na ɗauka bai ji ba, na maimaita. Ya ce a'a, har da buga hannun kujera. Na ƙirga alamomina, ashirin da uku cif. Kawunku yana wurin, ya ja ni ƙofa ya ce ciwon ne, masu irinsa sukan kama kalma ɗaya su yi ta maimaitawa, in bari a yi aiki a wuce wurin. Na ce mutumin da ya ce to sau ashirin da uku, in ya ce a'a sau ɗaya ai da dalili.

Na wuni ina juya abin. Ina ninke kaya sai na tuna makon da ciwon ya same shi. Kullum in ya dawo daga asuba yana kan kujerar nan yana ƙwanƙwasa madannai, har ina yi masa faɗan shayi na hucewa. To me yake rubutawa, tunda babi na ashirin da uku ya daɗe da gamawa?

Na kira Injiniya na ce ya zo da faifan ceto ya nemo mini abin da aka taɓa a ƙarshe. Ya jera komai bisa kwanan wata, sai ga wani rubutu a wani lungu daban, ba suna, sai ranar da aka fara shi. Shafi ɗaya da rabi. Babi na ashirin da huɗu ne, kan yadda ake tsare ran mai haƙa. Bai sa shi cikin ajiyar ba tunda bai gama ba. Muka kwafe, muka buɗe a ƙaramar kwamfutar, na karanta masa. Ya tsaya ne a tsakiyar magana: kafin kowa ya sauka rijiyar da ta daɗe a rufe, dole ne a fara. Nan rubutun ya yanke.

Ban sake tambaya ba. Ya daɗe yana motsa muƙamuƙi, jijiyar wuyansa ta tashi, har na miƙa hannu ga kofin ruwa. Sai ya ce, "Wanke."

Kalma ta huɗu ke nan, Uwata. Ta fita a karkace, amma Injiniya ma ya ji.

Saura ki ji abin da ya biyo baya. Injiniya ya ɗauko faifai zai sa, Babanku ya ture hannunsa, ba da faɗa ba. Ya kamo nawa ya ɗora a kan linzamin kwamfutar, ya danne da tafinsa. Na ce masa ni ina zan iya, ya ƙi ɗagawa. Injiniya ya yi dariya ya ce ba a zalunce shi ba, shi ma da shi ne haka zai yi.

Na kuma lura faifan Injiniya da alƙalamin maka aka rubuta sunan manhajar a kai, ba bugun kamfani ba ne. Na tambaye shi ko masu abin sun yarda a yi ta kwafarsa haka. Ya sosa ƙeya ya ce kowa haka yake yi. Na je na buɗe akwatin ƙarfen Babanku. Kin san mutumin da har takardar garantin fankar da ta mutu yana ajiyewa. A ƙarƙashin takardun ritaya na sami ambulan, da rubutun hannunsa: faifan da ya zo da kwamfuta, kada a yar. Yana cikin kwalinsa ko ƙwarzane babu, da doguwar lambarsa a manne.

Injiniya ya zauna ya rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya, da zanen abin da zan gani. Na sake kwafe su a littafina da ajami, don a nan idona ya fi sauri. Asabar zan yi, in Allah ya kai mu. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Wassalam.

Ummanki

Ranar Lahadi

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da 'yar jikata. Ina fata kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, takardar yau da tsawo, kuma na san za ki yi mini dariya. Na yafe tun yanzu.

Na yi alwala, ba don an ce ana yi ba, don hankalina ya fi kwanciya haka. Na matso da kujerar Babanku dab da tawa. Filash ɗin na sa shi a gwangwanin allura na kai ɗaya ɗakin, don kada ko da kuskure ya kusanci wurin. Kawunku ya zo fassara, tunda Turancin ya fi ƙarfina.

Na danna, ɗan tiren ya fito, na ɗora faifan rubutu a sama, na mayar. Na kashe na kunna. Mataki na biyu a littafina ya ce in na ga wani layi mai ɗige-ɗige a baƙin gilashi in yi maza in danna kowane madanni. Na gani, na danna. Faifan ya hau juyawa kamar ana kaɗa ƙwai a nesa. Aka tambayi harshe da agogo, na zaɓa yadda aka zana mini.

Sai aka zo wani dogon rubutu, da ɗan akwati a ƙasa. Kawunku ya ce in sa alama in wuce. Na ce me akwatin ya ce? Ya ce wai na karanta na yarda. Na ce to ban karanta ba, ya zan ce na karanta? Ya riƙe kai ya ce, "Yaya, duk duniya ba wanda ya taɓa karanta wannan, har waɗanda suka rubuta shi." Na ce to yau za a fara. Ya hau fassarawa yana huci. Can na lura yatsansa ya fi bakinsa sauri, shafi na gudu shi yana kan magana ɗaya, na ce ya koma inda ya tsallake. Ba wani abin tsoro a ciki, yawanci kada ka kwafa ka raba ne, kuma in abu ya lalace ba ruwansu. Da muka kai ƙarshe na sa alamata da zuciya ɗaya. Shi kuwa ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ga shago ya bari, ya gudu.

Daga nan ni da Babanku ne kawai. Aka nuno sassan cikin guda biyu, kowanne da lambar girmansa. Na gwada lambar da ta littafina ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, na zaɓi wanda za a share. Kwamfutar ta yi gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na san littafin yana gwangwanin allura, da bakina na karanta shi, amma yatsana ya ƙi sauka. Na dubi Babanku, ya gyaɗa kai. Na yi bismilla na danna. Ko ƙara ba ta yi ba. Abin da muka yi mako biyu muna tsoro, kafin in sauke numfashi ya wuce.

Sai lamba ta hau tafiya, ɗaya bisa ɗari, biyu bisa ɗari. Na zauna ina jan carbi ina kallonta, wajen minti arba'in. Da ta cika, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, sai ga layin nan mai ɗige-ɗige. Littafina ya ce in na gan shi in danna. Na danna.

Uwata, sai ga ni a farko. Harshe, agogo, dogon rubutu. Na ce lalle wani wuri na kuskure. Babanku yana ta cewa a'a, a'a, na ɗauka ransa ne ya ɓaci don na ɓata aiki, na ba shi haƙuri na ce zan gyara. Dogon rubutun ma sai da na gwada farkonsa da ƙarshensa na tabbata shi ne wanda aka karanta mini. Na sake komai a natse. Minti arba'in. Ta mutu, ta tashi, layi ya fito, na danna. Farko kuma.

Nan kam hawaye ya zo mini. Na juyo in ce masa a kira Injiniya, sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya yake, irin wadda ba ta da sauti, har da hawaye ta ido ɗaya. Rabon da in ga haka tun kafin asibiti.

Na yi azahar na dawo na fara na uku. Da lamba ta cika, ta mutu ta tashi, layin ya fito, na ɗaga yatsa, sai ya cafke wuyan hannuna da hagunsa. Ashe da sauran ƙarfi a hannun nan. Ya riƙe ni gam, ɗige-ɗigen suka yi ta ƙaruwa, suka gaji suka ɓace, sai ga wani sabon shafi da ban taɓa gani ba. Ashe sau ɗaya ake dannawa, a farkon fari. In ka sake, cewa ka yi a koma faifai a faro. Injiniya ya manta bai rubuta ba, wai bai taɓa tunanin akwai mai biyayya irin tawa ba.

Sauran ya zo da sauƙi. Ta nemi doguwar lambar, haruffa da lambobi ashirin da biyar, na shigar da yatsa ɗaya ina faɗa da baki, Babanku yana bin kwalin da ido. Ta karɓa a karo na farko. Ta tambayi sunan mai ita, na rubuta Baba. Ana kiran la'asar ta yi ɗan kiɗanta na tashi, gilashi ya cika da launi, fes kamar ɗakin da aka yi wa sabon fenti.

Injiniya ya zo bayan salla ya ƙara manhajar rubutu da ta sauti. Filash ɗin kuwa ni na ɗauko, ni na soka, ni na jawo Ajiyar Malama na mayar mazauninta, da babi na ashirin da huɗu a ciki. Ya ce yana da masu koyon aiki da suka shekara ba su yi abin da na yi yau ba, wai in zo shago. Na ce ya bari, sau uku fa na yi. Ya ce to ai na fi su ƙwarewa sau uku.

Ba kyau mutum ya yabi kansa, na sani, na kuma yi istigfari. Amma ke 'yata ce, bari in faɗa miki: na ji daɗi. Yau da safe da na yaye ƙyallen na kunna, sai na ji ba baƙuwa ba ce.

Ki gaida mutanen gida.

Ummanki

Ranar Alhamis

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Kada ki yi mamakin ganin takardar nan ba da hannuna ba, a kwamfuta na buga ta, kwana biyu ina yi, Kawunku ya fitar mini a shagonsu. Ya ce yanzu sai ya nemi izini kafin ya zauna kusa da ni.

A cikin ambulan za ki ga filash a naɗe da ƙyalle. Kwafi na uku ne na littafin, na buɗe kowane babi na gani kafin in naɗe. Ki ajiye inda ruwa da yarinyar ba sa kaiwa, ki kuma buɗe da kanki ki gaya mini kin gani.

Maganar da ta yanke a babi na ashirin da huɗu, na san ƙarshenta. Shekara talatin ina jin yana faɗa wa masu haƙa a ƙofar gida. Kawunku ya ce in buga kawai a wuce wurin, kalma nawa ce. Na ce ba littafina ba ne, ajiya aka ba ni. Na dai riƙa buɗe shafin kullum, in matso masa da madannai ɓangaren hagu, in tafi shara.

Kwana goma sha ɗaya ba abin da ya ƙaru. Shekaranjiya ina tsakar gida na ji ƙwas, shiru, can kuma ƙwas. Ban shiga ba sai da na gama shanya. Na tarar ya jiƙe da gumi kamar wanda ya fito daga rami, a gilashi kuwa maganar ta cika: dole ne a fara zura fitila, in ta mutu kada a shiga.

Mai gashi ya ce a bar shi ya riƙa yi kullum, ya fi ƙwallon robar nan da yake matsawa. Na kuma zaro biron daga ƙarƙashin gado na ajiye a kan tebur, bai wurgar ba.

Layin da ke ƙasan sunana ba nawa ba ne. Daga hantsi zuwa azahar ya yi yana bugawa, ya hana ni leƙawa. Ban gyara masa ko harafi ɗaya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ummanki

uwata ina gaisuwa. malama ta iya. baba